Baƙo ya shigo falo da takalmi: a yi magana ko a zuba ido?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan ruwan nan da aka kwana ana yi, wan maigidana, wanda muke kira Hamma, ya zo gidanmu a Fadaman Mada, nan Bauchi, shi da abokansa biyu. Duk wanda ya san layinmu ya san yadda yake komawa in an yi ruwa, daga bakin titi har ƙofar gida caɓi ne da ruwan kwata. Suna yin sallama maigidan ya ce bismillah, su ukun suka shigo da takalmansu har kan kafet. Kafet ɗin nan ranar Talata na wanke shi, sai Alhamis ya bushe saboda babu rana. A kansa nake sallah, a kansa yara suke cin abinci, a kansa autana mai wata tara yake rarrafe, kuma duk abin da ya tsinta sai baki.

Wallahi ni ban ce komai ba. Na durƙusa na gaishe su, na shiga kicin ɗauko ruwa. Ina fitowa da tire sai na ji Hanifa, 'yar shekara biyar, tana cewa da ƙarfi: "Baffa, ba a shiga falon Mama da takalmi, ga shi kun saka taɓo." Wuri ya yi tsit. Hamma ya miƙe bai ce uffan ba, ya fita baranda ya cire, abokansa suka bi shi. Da suka dawo ko minti goma ba su yi ba suka ce za su wuce. Ruwan ma ba su sha ba.

Jiya surukata ta kira maigidan, ta ce Hamma ya ce ni na kitsa wa yarinya ta ci masa fuska a gaban abokansa, a gidan ƙaninsa da shi ya yi masa ɗawainiyar makaranta. Maigidan ya ce in shirya mu je unguwar Jahun in ba da haƙuri. Zuwa zan je, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, haƙurin me zan bayar? Kuma daga yau in baƙo ya shigo da takalmi sai in zuba ido ke nan?

Adda Ummi Pantami:
Wa alaikumus salam. Ke dai ba ki yi laifi ba, yarinyar ma ba ta yi ba. Babba da hankalinsa ya ga kafet a shimfiɗe, ya ga jariri a ƙasa, ya ga takalman mutanen gida jere a baranda, sannan ya tsallake su ya shiga da taɓo? Maza ba su san wahalar abin nan ba ne. Mu nan Pantami ruwa saya muke daga 'yan garuwa, in zan wanke kafet sai na kashe kusan rabin kura, ga omo, ga ciwon baya na kwana biyu. Wanda bai taɓa durƙusawa da burushi ba shi ne zai ce ai takalmi ne kawai.

Hajiya Balaraba:
Ummi ki bi a hankali, kada ki zuga yarinya a gidan aurenta. Maman Hanifa, 'yata, zan gaya miki abin da na gani a labarinki, ki yi haƙuri da ni. Ba maganar takalmi ce ta sosa wa wan mijinki rai ba. Ki sake karanta abin da kika rubuta: "falon Mama". Yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan, a bakin manya yake ji. Shi kuwa mutumin nan gidan ƙaninsa ya zo, gidan da yake ganin nasa ne, sai ga 'yar da ya yanka wa ragon suna ko ya tsaya aka yanka tana gaya masa falon na Mama ne, a gaban abokansa. Ko ni ce sai na ji zafi. Kafet ana wanke shi ya bushe. Fuskar babba in ta zube a gaban mutane ba a kwashe ta da burushi.

Maman Hanifa:
Hajiya, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. In yaran suka shigo a guje daga waje haka nake ce musu, kada wanda ya shigo min falo da takalmi. Ban taɓa tunanin za ta juya maganar kan babba ba.

Adda Ummi Pantami:
To Hajiya da me za ta ce wa yaran? Ai tarbiyya ce take yi musu. Mu koya wa yaro tsafta, in ya faɗa kuma mu ce ya yi rashin kunya?

Malam Sabo Jahun:
Salamu alaikum. Ni tsoho ne a cikinku, shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa kafin in ajiye aiki, bari in ɗan ja ku baya, don ina ganin rikicin nan ginin gida ne ya kawo shi, ba mutane ba.

Gidan da na tashi a cikin ganuwar Bauchi, baƙo namiji iyakarsa zaure. A zauren akwai dakali, akwai tabarma, akwai buzun mahaifinmu a gefe. Mutum zai shigo zaure da takalminsa, ba wanda zai ce masa kanzil, domin ƙasa ce. Amma da ya iso bakin tabarma zai tuɓe, ya ajiye su a gefe, sannan ya hau. Tsakar gida ma da takalmi ake yawo. Ɗakunan iyayenmu mata kuwa daɓe ne. Na sha ganin mata sun taru suna daɓe ɗakin amarya da madaɓi suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba, ƙasan ta fito jawur tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Wa zai taka wannan da takalmi? A bakin ƙofa ake barin su, har maigidan.

Kun ga ke nan ƙa'idar da muka gada ba "cire takalmi in za ka shiga gida" ba ce. Ƙa'idar ita ce ba a taka shimfiɗa. Inda aka shimfiɗa don zama ko sallah ko cin abinci, nan takalmi yake tsayawa. Kowa ya san iyakar, domin idonsa yana ganin inda ƙasa ta ƙare tabarma ta fara.

Yanzu sai muka gina gidaje babu zaure. Muka haɗa zaure da ɗaki muka kira shi falo. Muka zuba kujeru irin na ofis, waɗanda ake zama a kansu da takalmi, sannan muka malala kafet bango zuwa bango, wanda shi kuma shimfiɗa ce. Matar gida tana kallon wurin a matsayin ɗakinta, baƙo yana kallonsa a matsayin zaure. Kowannensu da gaskiyarsa. Wan mijinki na tabbata da tabarma ya tarar a tsakar gida ba zai taka ta ba ko da wasa.

Sadiq A.:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wannan bayanin ban taɓa jin irinsa ba. Ni ina karatu a Malesiya, nan ko gidan wa za ka shiga a waje kake barin takalmi, har wasu ƙananan asibitoci da wuraren karatun yara. A Japan ma an ce daga ƙofa akwai ɗan wuri da ya ɗan yi ƙasa da aka gina musamman don tuɓe takalmi, sai ka taka sama ka shiga gida, har silifas ɗin banɗaki daban suke ajiyewa. Su ginin da kansa yake gaya maka inda za ka tsaya, kamar yadda Baba ya ce tabarma take yi a da.

Nura Mai Keke:
Ni kuma ku bar ni in faɗi tawa, don abin ya daɗe yana cina. Duk wannan maganar tsafta da al'ada, a ƙasar nan talaka kaɗai take hawa.

Akwai wani Alhaji a GRA da nake kai wa yaransa makaranta. Ran nan aka ce in shigo in karɓi kuɗin wata. Tun daga bakin get maigadi ya ce in cire takalmi. Watan Afrilu ne, ƙarfe biyu na rana, kun san zafin Bauchi a lokacin. Haka na taka simintin nan ƙafa ba takalmi tun daga get har ƙofar falo, tafin ƙafata kamar zai saluɓe, kuma ko falon ba a ce in shiga ba, a tsaye a waje aka miƙo min. Ban ji haushi ba a lokacin, na ce gidansa ne.

Bayan wata huɗu mahaifina ya rasu. Alhajin nan ya zo ta'aziyya, Allah ya saka masa. Muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, malamai da dattawan unguwa duk takalmansu a gefe. Ya sauko daga mota ya tako tabarmar nan da takalminsa sau-ciki har gaban kawuna, ya yi addu'a a tsaye ya juya. Tabarmar da muka yi sallar la'asar a kanta. Ba wanda ya iya cewa komai. To ku gaya min, tsafta ce ko girma? In tsafta ce, tabarmar talaka ba ta ƙazanta ne?

Hajiya Balaraba:
Allah ya jiƙan mahaifinka, Nura. Wannan kam bai kyauta ba, ko waye shi.

Nura Mai Keke:
Amin Hajiya, na gode. Shi ya sa nake cewa Maman Hanifa kada ta ga kamar mantuwa ce. Mutumin nan in gidan maigidansa na wurin aiki ya je, zai manta? In fadar Mai Martaba Sarkin Bauchi ya je gaisuwa, tun daga nesa zai tuɓe ya riƙe a hannu, ba sai dogari ya yi magana ba. Mutum ba ya manta takalminsa sai a gidan wanda yake ganin ya fi.

Malam Sabo Jahun:
Nura ɗana, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, kuma akwai gaskiya a maganarka. Tuɓe takalmi a wurinmu girmamawa ce tun asali. Mu da muna yara in za mu wuce majalisar dattawa sai mun cire mun riƙe, haka gaban malami, haka gaban suruki. Amma kada ka yanke wa wan mijinta hukunci da laifin Alhajinka. Mutumin da yarinya ta yi wa magana ya tashi ya fita ya cire bai daka mata tsawa ba, wannan ba mai girman kai ba ne. Kunya ce ta kama shi.

Abu Fadima:
Assalamu alaikum. Na ga wasu sun turo min cewa in yi magana ta fuskar addini, to ga ɗan abin da na sani, Allah ne mafi sani.

Da farko kada mu ce shiga gida da takalmi haramun ne, babu wannan. Takalmi a kansa ba najasa ba ne. Ya tabbata a Bukhari an tambayi Anas ɗan Malik ko Manzon Allah (SAW) yana sallah da takalmansa, ya ce e. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Abu Dawud ya ruwaito, ya tuɓe takalmansa yana cikin sallah, sahabbai ma suka tuɓe, da aka idar ya gaya musu Jibrilu ne ya sanar da shi akwai ƙazanta a jikinsu. Sai ya yi umarni in mutum ya zo masallaci ya duba takalmansa, in ya ga ƙazanta ya goge. To amma a lura, masallacin a lokacin ƙasa ce da tsakuwa, ba darduma. Shi ya sa yau ba mai shiga masallacin Gwallaga ko na fada da takalmi ya ce sunna yake rayawa, domin zai ɓata shimfiɗa ya cutar da mutane. Abin da hadisin yake koya mana shi ne ka duba ƙafarka kafin ka taka wuri. Wanda ya ratso ruwan kwata kuwa ba ya buƙatar dogon dubawa.

Na biyu, gida yana da hurumi. A Suratun Nur aya ta 27 da ta 28 an hana mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, in ma aka ce mu koma, mu koma. Kuma a Muslim akwai hadisin da ya hana mutum ya zauna a kan shimfiɗar maigida ta musamman a gidansa sai da izininsa. Wanda shari'a ta ba ikon ya ce maka koma, ai yana da ikon ya ce maka cire takalmi.

Sai dai girmama baƙo shi ma umarni ne, an haɗa shi da imani da Allah da ranar lahira. Don haka haƙƙin ki ne a kiyaye miki shimfiɗa, haƙƙinsa ne kada a kunyata shi. Wanda ya kamata ya haɗa biyun nan shi ne wanda ya ce musu bismillah. Ban ga wanda ya ambaci maigidan ba tun da aka fara maganar nan.

Adda Ummi Pantami:
Yauwa Malam! Allah ya biya. Shi yana zaune yana kallo, ya bar 'yar shekara biyar ta yi aikinsa, yanzu kuma matar ce za ta je durƙuso.

Baban Walid:
Adda Ummi, ki yi mana adalci mu maza. Kin san nauyin da ke tsakanin mutum da wansa kuwa? Ni yayana in ya shigo ko ido ba na iya haɗawa da shi sosai, balle in ce masa Hamma cire takalmi. Bakina ba zai iya furtawa ba. Na gwammace in ya tafi in ɗauki burushin da kaina.

Adda Ummi Pantami:
In dai za ka ɗauka da kanka ai magana ta ƙare. Nawa ne a cikinku suke ɗauka?

Baban Walid:
Ban ce duka ba. Amma ni abin da nake yi, in na ji sallamar babban baƙo ba na amsawa daga zaune. Fita nake in tare shi a waje, mu gaisa, in muka iso baranda sai in tsaya in cire nawa a gabansa a hankali, in gyara su gefe. Ban taɓa yin haka baƙo ya wuce da nasa ba. Wanda ya ce bismillah daga kan kujera shi ya buɗe ƙofar matsala.

Sista Rifkatu:
Sannunku duka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kaltungo, ina aiki a Gombe. Mu ma a gidajenmu haka muka tashi, ba ka shiga ɗakin kaka da takalmi. A Littafin Fitowa 3:5 an ce wa Musa ya tuɓe takalmansa domin wurin da yake tsaye mai tsarki ne, na san ku ma kuna da labarin a Suratu Ɗaha. Don haka ba bambancin addini a nan.

Ta fannin lafiya, damuwar Maman Hanifa tana kan hanya. Yaro mai rarrafe hannunsa ƙasa, hannunsa baki. Ruwan kwatar unguwanninmu da damina kun san abin da yake ɗauke da shi, masai yana cika ya malalo, ga kashin dabbobi, ga na kaji. Ba na so in tsorata kowa, cutar amai da gudawa irin wadda ta addabi Bauchi a 2021 ta ruwan sha da abinci take yaɗuwa galibi, ba ta takalmi ba. Amma gudawar yara ta yau da kullum da tsutsar ciki, daga ƙasa zuwa baki suke bi, kuma kafet yana riƙe datti da danshi fiye da leda ko tayil da za ki goge yanzu ya bushe yanzu.

Sai dai ina roƙonku da abu ɗaya. Akwai mutanen da mu da kanmu muke hana su tafiya ba takalmi ko a cikin ɗaki, su ne masu ciwon suga da ya daɗe. Ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko allura ko fasasshen kofi bai ji ba, sai bayan kwanaki a ga ƙafa ta kumbura tana ruwa. Na yi jinyar wani dattijo da ya je gidan biki ya tuɓe takalmi don kunya, ya taka ɗan ƙaramin abin maƙale takarda, bai sani ba har sati. Wata biyu muna wankin ciwon nan, daga ƙarshe sai da aka cire yatsa. In kuka ga dattijo yana jan jiki wajen cire takalmi, kada ku ce girman kai ne. Wani ciwo yake ɓoyewa a ƙarƙashin safa, wani kuma durƙusawar ce ba zai iya ba saboda gwiwa. Ku ajiye kujera ɗaya a baranda da silifas masu tsafta na cikin gida.

Kuma a tsakar gida mai ƙasa ku bar yara da takalmansu, akwai tsutsar da ta fatar ƙafa take shiga ta shanye wa yaro jini. Takalmin da ya kwana a waje a kakkaɓe shi kafin a saka. Mu mutanen Kaltungo da muka tashi da kunama da kububuwa ba sai an gaya mana ba.

Maman Hanifa:
Sista na gode ƙwarai. Hamma dai lafiyarsa ƙalau a sanina, amma wallahi maganar kujera a baranda ban taɓa kawo ta a raina ba. Surukata ma in ta zo sai ta dafa bango take cirewa.

Ɗanlami Mai Wayarin:
Ni ma a saka ni a cikin waɗanda za a yi wa uzuri. Aikin wuta nake yi. Sau da yawa in na je gyara sai matar gida ta ce Malam takalmi. Hajiya, wutar gidan nan bolt 230 ce, kin goge tayil yanzu da ruwa, kina so in tsaya a kai ƙafa ba komai in kama waya? Takalmin robar nan yana cikin abin da ke tsakanina da kabari. Yanzu leda biyu nake yawo da su a jaka, in ɗaura a kan takalmin in zan ratsa falo, in na zo wurin aiki in cire ledar don kada santsi ya kwashe ni. Wasu su gane, wasu su ga kamar raini ne.

Zainab T/Wada:
Ni shawarata ki sa a rubuta miki a takarda ki manna a ƙofa: "Don Allah a cire takalmi." Ba ruwanki da yi wa kowa magana.

Hajiya Balaraba:
A'a Zainab, kada ta soma. Yanzu da wutar nan ba ta mutu ba, dangin miji su zo su tarar da sanarwa a ƙofa? Cewa za su yi da su take. Gida ba asibiti ba ne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, baƙo da murmushi ake tararsa, ba da allo ba.

Auwal B.:
Zan faɗi wani abu da maza da yawa ba za su faɗa ba. Ni aikina tun bakwai na safe nake saka sau-ciki da safa, sai magariba. In na biya gidan mutane daga wurin aiki, wallahi fargabar cirewa nake, saboda na san abin da zai tashi a falon, ga mata ga yara. Sau nawa ina cewa a'a daga nan ma ya isa, in tsaya a waje, a ce ina da girman kai. Da hunturu kuma wani faso ne a ƙafarsa har yana jini, ba ya so a gani. Gidan wata gwaggona a Bolari kaɗai nake cirewa hankali kwance, domin kullum akwai buta cike a bakin baranda da ɗan tsumma. Ka cire, ka ɗauraye, ka shiga, ba wanda ya kalle ka.

Zainab T/Wada:
Sannan a riƙa kula da takalman baƙi. An taɓa ɗauke min sabon takalmi a gidan suna, ranar na fara saka shi, kuma bashi na ci na saya. Masu gidan ko a jikinsu. Tun daga ranar in taro ne a leda nake sakawa in shiga da abina, kamar yadda alhazai suke yi a Harami.

Nura Mai Keke:
Duk na ji, kuma na yarda da uzurin mara lafiya da mai aikin wuta. Amma mutum uku lafiyayyu da taɓo har idon sawu ba su cikin wannan. Ni dai a ce ita ce za ta ba da haƙuri, abin bai kwanta min ba.

Hajiya Balaraba:
Nura, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wan miji. Maman Hanifa, ga amsar tambayarki ta farko. Ba za ki ba da haƙuri don kina son tsafta ba, kada ma ki ɗauko zancen kafet. Ki ce Hamma, yarinya ta yi maka magana a gaban baƙi, ban ji daɗi ba, ban sa ta ba, a yafe mana. Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma gaskiya ne. Ki tafi da Hanifar ta gaishe shi. Kada ki dake ta, kada ki sa ta ji ta yi wani mugun abu.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum, na dawo in gaya muku yadda aka yi, tun da kun ba ni lokacinku.

Mun je jiya bayan isha'i. Na yi yadda Hajiya ta ce, kalma ɗaya ban ƙara ba. Hamma ya daɗe bai yi magana ba, Hanifa tana raɓe a jikina. Can sai ya miƙo hannu ya jawo ta ya ɗora a cinya. Ya ce shi bai riƙe ni ba, da zafi ya yi maganar a wurin Dada, wato surukata, kuma da ya kwana ya san ba zan sa yarinya ba. Ya ce abin da ya ƙona masa rai, a mota abokansa suka riƙa maimaita maganar suna dariya har suka sauke shi. Sai ya juya kan maigidan ya ce, kai kuma kana zaune kana ganin ƙafafunmu, da ka ce Hamma ga ruwa ku ɗauraye, wa zai ji haushi? Maigidan ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Yau da safe kafin ya fita shi ya naɗe kafet ɗin ya kai wa masu wankin mota su wanke, ya kuma fito da farar kujera ɗaya baranda.

Saura abu ɗaya da ban san yadda zan yi da shi ba. A hanyar dawowa cikin keke Hanifa ta ce min, "Mama, in Baffa ya sake zuwa da takalmi in yi shiru?" Na rasa abin da zan ce mata. In na ce e, na koya mata ta ga abu ta kau da kai. In na ce a'a, mun koma gidan jiya.

Malam Sabo Jahun:
'Yata, kada ki ce mata ta yi shiru. Ki ce mata in ta ji sallamar Baffa ta ruga ta tare shi a baranda tun bai shigo ba, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Baffa kawo takalminka in ajiye maka. In ya cire ta ɗauka da hannu biyu ta jera su gefe, ta juya bakinsu wajen fita. Aikin da muke yi wa baƙin mahaifinmu ke nan a zaure, har rige-rige muke, don wani lokaci akan samu ɗan kobo.

Maman Hanifa:
To Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Yau zan fara koya mata da takalmin babanta in ya dawo. Hamma ya ce ranar Juma'a zai biyo bayan masallaci ya ci tuwo.